Keke Ɗaya, Hotuna Bakwai

"A sake," in ji Shugaba. "Ba ta yi murmushi ba."

Mai Hoto ya sauke kyamara daga idonsa ya share gumin da ya taru a girarsa. Wannan ne karo na huɗu. Rana ta take tsaka, rumfar da aka kafa a filin makaranta ta cika da manyan riguna da ƙamshin turare, waɗanda aka yi taron dominsu kuwa suna can waje a layi, wasu a kan sanda, wasu a ƙasa. A tsakiyar fili, inda babu inuwa ko ta tsinke, Iya Ungozoma na zaune cikin keken guragu mai sheƙi, ta ɗora hannuwanta a cinya. Shugaban gidauniyar tallafa wa naƙasassu ya sunkuyo a kanta, ya buɗe wa kyamara haƙoransa kakaf.

"Iya, ɗan yi mana dariya mana," Auta ya ce, yana durƙushe a gefenta inda ba zai fito a hoto ba.

Auta shi ne ɗan Mai Hoto na ƙarshe, magidanci mai 'ya'ya biyu, kuma shi ne jami'in yaɗa labaran gidauniyar. Shi ya samo wa uban nasa aikin ɗaukar hotunan tarukansu shekara shida da suka wuce, lokacin da wayoyin hannu suka kashe kasuwar shagon hoto, ba mai leƙowa sai mai neman fasfo.

Tsohuwar ta ɗago kai ta ƙare masa kallo.

"Wannan ba na wajen mai hoto ba ne? Kai ne ka taho duniya da ƙafa, ka hana ni zama tun safe har la'asar. Shi ne yau ka zo ka shanya ni a rana kamar wanki."

Rumfa ta kwashe da dariya. Ita ma ta dara, dasashinta ya bayyana, Mai Hoto ya danna. Ya sani tun kafin ya duba cewa hoton ya yi.

Aka tafa, lasifika ta shiga jero kirarin Shugaba. Aka miƙa wa wasu buhuna, aka ɗauka. Aka miƙa wa wasu sanduna, aka ɗauka. Daga nan manyan baƙi suka yi hoton haɗin gwiwa suka nufi motocinsu. A nan aikin Mai Hoto yake ƙarewa kullum: ya rataya jaka, ya hau babur, ya garzaya shago don a sami hotuna kafin yamma. Yau dai ya tsaya. Rabonsa da Iya Ungozoma tun kafin ƙafafunta su daina ɗaukarta, kuma bai ga ta yadda zai wuce matar da ta karɓi haihuwar 'ya'yansa shida ba tare da ya durƙusa ya gaishe ta ba.

Ya zaga bayan ajujuwa, inda ya ga an tura ta. Da ya sha kwana sai ya ci burki.

Ma'aikatan gidauniya biyu ne, kowa ya kama hammatarta ɗaya, suka ɗaga ta daga keken kamar buhu, suka dire ta a kan simintin baranda. Ɗaya ya naɗe keken da gwiwarsa, da saurin wanda hannunsa ya saba, ya cilla shi bayan motar kaya, a kan buhunan da aka gama rabawa ɗazu.

"Malam, ina za a kai shi kuma?" jikar tsohuwar ta tambaya. Mace ce mai ɗinki, ita ke riƙe da kakar tata, kuma ita ta goyo ta daga bakin titi zuwa filin.

"Ofis. Sai an yi masa rajista, an buga masa lamba. Za a kawo muku har gida."

"Yaushe?"

"Za a kawo, Hajiya."

Iya Ungozoma ta gyara zamanta a kan simintin mai zafi, ta ɗaga murya. "Ku dai bi shi a hankali, 'yan samari. Sabo ne, kar ku karce shi."

Kyamara na rataye a wuyan Mai Hoto. Bai ɗaga ta ba. Bai kuma ƙarasa ya yi gaisuwar ba. Ya juya da baya, kamar wanda ya leƙa ɗakin da bai kamata ya leƙa ba.

* * *

Shagon nasa ɗaki biyu ne. Na gaba yana da labule mai zanen teku, da kujerar zaman fasfo, da kwamfutar da Auta ya koya masa aiki da ita. Na ciki, inda da can yake wanke fim cikin duhu, yanzu akwatunan ƙarfe ne jere har kusan rufi, kowanne da shekararsa a jiki. Shekara arba'in da ɗaya yana ɗaukar garin nan. Yana da hoton kasuwa kafin gobara da bayan gobara, da ranar da aka kunna fitilar titi ta farko, da direban da ya fara shigo da bas. Abin da bai ɗauka da hannunsa ba ya bi gida-gida ya roƙa, ya kwafa, ya rubuta sunaye a baya. In gardama ta kaure a majalisa kan wace shekara gada ta karye, ba a rantsuwa, sai a ce a je a tambayi Mai Hoto. Abokansa na yi masa tsiya cewa ya fi sanin ranar auren matattu da ranar haihuwar jikokinsa.

A cikin akwatunan nan akwai Iya Ungozoma tana da ƙarfinta, ɗauke da bulo a ka, ita da matan unguwa, ranar da suka gina ɗakin haihuwa na farko da hannunsu bayan sun gaji da jiran hukuma.

Ya zauna gaban kwamfuta ya buɗe hotunan yau. Rajista, in ji su. To, mai yiwuwa. Ofisoshi ba sa rasa ƙa'idojin banza. Ya zaɓi hoton da ta yi dariya, ya faɗaɗa shi don ya gyara haske, sai idonsa ya sauka a kan abin da ba a kira shi ya gani ba. A madafar hannun hagu na keken, ƙarƙashin gwiwar hannun tsohuwar, an naɗa shuɗin salatif.

Sabon keke da salatif.

Sana'arsa ke nan da ma. Ba ya gane shekarar hoto da fuskokin mutane, sai da 'yan ƙananan abubuwa: tsawon bishiyar bakin tasha, launin ƙofar asibiti, wane shago ne ke kusa da wane. Ya san ya taɓa ganin wannan salatif. Ya buɗe hotunan bara. Mai gyaran takalman bakin kasuwa ne a zaune, Shugaba na sunkuye a kansa, shuɗin salatif na nan daram. Ya koma na bara waccan: matar nan da babbar mota ta take wa ƙafa, salatif ɗin na nan, har ya fi haske. Ya ci gaba da komawa baya. Malamin makarantar da ɓarin jikinsa ya shanye. Wata budurwa da aka kawo daga ƙauye. A waɗannan biyun babu salatif, sai yagewar fata da soso ya leƙo ta ciki. A na farkon duka, na shekara shida baya, wani tsohon soja ne, keken ko ledarsa ba a cire ba. A shekarar da ta biyo bayansa kuma, wani dattijo mai gadi ne. Ya ƙirga: mutum bakwai, keke ɗaya.

Ya jingina da kujera.

Ba Shugaba ne ya fara faɗo masa a rai ba. Mai gyaran takalma ne. Kullum safiya sai ya wuce shi a bakin kasuwa, yana jan jiki a kan guntun taya, silifa a hannuwansa biyu. Kullum sai sun gaisa. Shekara guda cur, bai taɓa cewa, "Ina kekenka?" ba. Shi da ya yi tafiyar yini guda a kan babur don ya tabbatar da sunan wani maƙeri da ya mutu tun kafin a haife shi. Malamin makarantar nan kuwa, har makabarta ya raka shi, ya ji matarsa na ba da labarin yadda take jan sa a kan tabarma zuwa banɗaki, ya ce Allah ya ji ƙansa, ya dawo shago ya ci gaba da goge ƙurar akwatuna.

Ya tashi ya fita bayan shago ya tofar da yawu. Ɗacin da ke bakinsa bai tafi ba.

* * *

Da yamma Auta ya zo gida karɓar hotuna. Ya tarar da uban a tsakar gida, kwanon abinci a gabansa a rufe, uwar tana kwashe shanya.

"Baba, sannu da aiki. Shugaba ya ce na tsohuwar nan shi za a sa a bangon rahoto."

"Zauna."

Auta ya zauna a bakin tabarma. Mai Hoto ya miƙa masa takarda ɗaya da ya buga, ƙananan hotuna bakwai a jere. Auta ya duba, ya ɗan jima, ya ajiye. Ko a fuska bai nuna mamaki ba, kuma wannan ne ya fi komai ƙona ran uban.

"Ka sani ke nan."

"Baba, wa bai sani ba? Direba ya sani, masu kafa rumfa sun sani. Su kansu waɗanda ake ɗorawa, bayan wata biyu sun gane."

"Ita ba ta sani ba. Cewa ta yi a bi shi a hankali."

Auta ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. "Masu aiko da tallafi daga nesa hoto suke so su gani. In babu hoto, babu gidauniya. In babu gidauniya, su ma 'yan sandunan da ake bari a hannun mutane babu su. Ni ba ni na tsara ba. Tarar da abin na yi."

"Matar nan ta yanke maka cibiya. Da ba don Allah ba don ita ba, da kai da uwarka rana ɗaya za a binne ku."

"Na sani, Baba."

"Kai ka sa sunanta cikin waɗanda za a ɗora?"

Auta ya kau da kai. Can ya ce, "Cewa aka yi a samo wanda gari ya sani."

Uwar ta ajiye kayan shanya a kan turmi ta matso. "Malam, ka bi a sannu. Matarsa wata bakwai gare ta. Ka san shekara nawa ya yi yana yawo da takardu kafin ya sami wannan aikin."

"Aiki kike kira wannan?"

"Ni dai na ce ka bi a sannu. Ba kai za ka gyara garin nan ba."

"Ƙazanta ce," Mai Hoto ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mutum ya ci da guragu, ya sha da guragu, ya fesa turare ya zo ya tsaya a kansu yana washe baki. Kai kuma kana gefe kana cewa a yi dariya. Ko kyankyaso ya fi ku tsabtar ci."

Jijiyar wuyan Auta ta motsa. Bai taɓa mayar wa ubansa magana ba, yanzu ma bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki takardar, ya juya ta wajen uban, ya tura masa a hankali.

"Ka yi haƙuri, Baba. Amma duka bakwai ɗin nan, wa ya ɗauka?"

Auta ya tashi ya gaida uwarsa ya fita, bai karɓi hotunan ba. Abincin ya huce a rufe.

* * *

A gaban shagon akwai allo mai gilashi inda Mai Hoto ke liƙa tsofaffin hotunan gari, yana sauya su duk wata. Washegari da safe ya kwashe su duka. Ya buga bakwai ɗin manya-manya, ya jera su daga sabon keke zuwa mai salatif, ya rubuta kwanan wata a ƙasan kowanne, ya zagaye madafar hannun hagu da jan biro. A can ƙasa ya rubuta: "Ni na ɗauka." Ya kulle gilashin. Ya san abin da zai iya biyo baya: a kori Auta, a turo masa 'yan sanda, ko a fasa shagon. Ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa yana jira.

Kafin hantsi mutane sun taru. Mai aski na maƙwabta ne ya fara gano abin, ya riƙe ciki.

"Keken nan ya fi ni sanin gari. Ku duba, har ƙauye ya je."

"Ai shi ya kamata a ba lambar yabo," in ji wani. "Shekara shida yana aiki ba hutu."

Aka yi ta shewa. Matasa suka fito da wayoyi, wasu na ɗaukar allon, wasu na juya masa baya suna ɗaukar kansu da shi. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce duniya ta lalace, ya tambayi ko an ga yaron mai shayi. Mai Hoto na zaune yana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ransa ya ɓaci. Ya ga masu dariya, ya ga masu cewa da ma sun faɗa, ya ga masu hamma.

Wajen azahar mai gyaran takalma ya iso, yana jan tayarsa. Mutane suka buɗa masa hanya. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon nasa hoton. Mai Hoto ya taso ya tsuguna kusa da shi, ya buɗe baki zai ba shi haƙuri.

"Ashe na yi kyau ranar," mutumin ya ce. "Baba, in da hali ka wanke min ɗaya. Ƙarami ma ya isa. Yarana ba su taɓa ganina a zaune a sama ba."

Mai Hoto ya shiga ciki ya buga masa, ya saka a ambulan. Bai iya kallon idonsa ba da yake miƙa masa.

Kwana na biyu mutane suka ragu. Kwana na uku ba wanda ya tsaya sai akuya. 'Yan sanda ba su zo ba, ba a fasa komai ba. Rana ta huɗu Auta ya tsaya da babur a bakin shago, bai kashe injin ba, bai kuma sauko ba.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya. An kore ka?"

"A'a. Shugaba ya gani a waya, ya yi ta dariya. Ya ce in gaishe ka, wai kana da ido. An kai keken wajen mai kushin ya sake masa fata." Ya ɗan dubi titi. "Ya ce kuma ka huta haka nan, shekaru sun ja. Sakatariya za ta riƙa ɗauka da wayarta."

"Kai fa?"

"Ni ina da taro ranar Asabar."

Ya ja babur ya tafi. Tun daga ranar, in ya zo gida ɗakin uwarsa yake wucewa, ya gaida uban daga nesa kamar maƙwabci. Uwar kuwa sai ta riƙa dire masa kwano a gabansa da ƙara.

* * *

Sati guda ya yi yana juya abin a ransa kafin ya nufi gidan Iya Ungozoma. Jikarta ba ta bin ta kasuwa, ita kuma tsohuwar ba ta fita, wataƙila labari bai kai musu ba. Ya ga gara ta ji daga bakinsa. A hanya ya shirya kalmominsa tsaf: Iya, keken nan ba zai zo ba. Iya, da hannuna a ciki.

Gidan na ƙarshen wani lungu, bayan injin niƙa. Ya yi sallama, jikar ta amsa daga kan keken ɗinki ta ce ya shigo. A tsakar gida ya ga tarin ɓaraguzan bulo a gefe, da bokiti mai busasshen siminti. Ya dubi ɗakin tsohuwar. An cire ƙyauren, an jingine shi da bango. An fasa gefen ƙofar an faɗaɗa ta, an sare dokin ƙofar, an zuba siminti a wurin ya gangaro sumul daga ɗaki zuwa tsakar gida. Ɗanye ne, yana ta ƙyalli.

Iya Ungozoma na zaune a ƙasa daga ciki, dab da bakin ƙofa, da doguwar tsumagiya a hannunta.

"A'a, mai hoto ne? Dakata daga nan, kar ka taka, bai bushe ba."

Ya tsaya. Ya durƙusa daga inda yake ya gaishe ta.

"Maginin bayanmu ne ya yi min da safen nan," ta ce. "Na ce masa ƙofar nan ta yi wa keke kaɗan, kar a kawo shi ya kwana a waje raɓa ta ɓata shi. Ya ƙi karɓar komai, wai 'ya'yansa biyar a hannuna suka faɗo. Ka ga gangaren? Da kaina zan riƙa fitowa shan hantsi. Yarinyar nan ta huta da goyo, bayanta ya gaji." Ta gyara ɗankwalinta. "Ya wajen Auta? Ka ce masa ba gaggawa nake ba, na san aikin ofis."

Mai Hoto ya dubi jikar. Ta tsayar da ɗinkin, ta zuba masa ido, ta girgiza kai kaɗan, sau ɗaya. Sannan ta mayar da ƙafarta kan keken ɗinki.

"Zai ji, Iya," ya ce.

"To, madalla. Ka zauna mana daga nan, a kawo maka ruwa."

Bai zauna ba, bai kuma tafi ba. Wata kaza ta taho tana kiwo, ta miƙa wuya za ta hau simintin. Tsohuwar ta miƙa tsumagiya ta kore ta, ta sunkuya tana duba ko ta bar sawu.